Ba Zan Fasa Ba

Plumstead, London
Watan Maris

Zuwa ga Baffana Injiniya Sualihu, ɗan'uwan mahaifina ta wajen kaka, uban madatsun ƙasar Kazaure, wanda ruwa ke hango shi ya ja burki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai nauyin buhun siminti, ina fatan Baffa yana cikin ƙoshin lafiya, da Inna Mariatu da dukkan mutanen gida. Yaya gwiwar? Ni lafiyata ƙalau in ban da mura, wadda a ƙasar nan ba ciwo ba ce, haraji ce da kowa ke biya.

Tun da Baffa ya kafa doka cewa waya ta gaisuwa ce, magana mai nauyi kuwa takarda ke ɗaukarta, na bi doka. Hajiya Zarah mai shagon atamfa a Peckham ita za ta taho da wannan a cikin kayanta. In an ji ƙanshin turare a jikin takardar, ba daga ni ba ne.

Albishirin Baffa. Karatun injiniyan ruwa da Baffa ya tsaya tsayin daka har na kammala ya haifi ɗa mai ido. Wata ƙungiya mai farfaɗo da rafuka ta ɗauke ni aiki. Muƙamina, in an fassara shi da girmamawar da ta dace, shi ne Sarkin Rafin Kudu Maso Gabashin London. Talakawana su ne agwagi, da kwaɗi, da kekunan sayayya na kanti waɗanda wasu bayin Allah ke jefowa ruwa saboda dalilin da ilimi bai gano ba tukuna.

Masarautar tawa wani rafi ne da ke zuba a kogin Thames, wanda mai dogayen ƙafafu zai iya tsallake shi bai tattare wando ba. Mutanen zamanin da sun ɗaure shi da kankare hagu da dama, sun miƙar da shi kamar layin 'yan makaranta. Wasu gidajen kuma an yi kuskuren haɗa bututun injin wankinsu da shi, har ranar Lahadi sai ya yi kumfa yana ƙanshin sabulu.

Duk da wannan wulaƙanci, akwai baƙo mai daraja da bai daina zuwa ba. Kifi ne da ake kira sea trout. Yana da ɗan'uwa a can yammacin Amurka, steelhead, wato mai kan ƙarfe, wanda shi ma ke shan irin wannan wahala. Baƙon namu ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar rafi mai sanyi, ya gangara teku ya yi girma, sannan ya juyo ya hauro har inda aka haife shi don ya zuba ƙwai. A rafinmu saura 'yan kaɗan, kuma ba don tukunya muke nemansu ba, don kada su ƙare ne.

Shirinmu shi ne mu kwance wa rafin kankare ya koma yin lanƙwasa, mu zuba tsakuwa inda uwar kifi za ta tona gurbi, mu dasa itatuwa a gaɓa don inuwa ta riƙe sanyin ruwa. Can sama, inda ruwan titi ke shigowa da baƙin mai, za mu shuka ciyawar fadama ta tace shi. Amma duk wannan kwalliya ce a gidan da ƙofarsa ke toshe, domin a tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar madatsa ta bulo, tsayinta bai wuce ƙirjina ba, an gina ta don injin niƙa da ya mutu tun kafin a haifi kakanmu. Shugabata, Jane, ta damƙa mini alhakin zana yadda za a fasa ta. Council, wato majalisar ƙaramar hukumarsu, zai zauna a kan zanen kafin ƙarshen bazararsu.

Ina roƙon addu'ar Baffa, da kuma yaji in da hali.

Ɗanka mai biyayya daidai gwargwado,
Baha'uddeen

*

Kazaure
Watan Afrilu

Baha'uddeen,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, har da ƙanshin. Gwiwa da sauƙi. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shan citta da kanumfari. Yaji yana hannun Hajiya Zarah.

Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa, ina tsammanin wasan nan naka ne da ka saba. Da na ga ba wasa ba ne, ban ci tuwon rana ba.

Tun ina saurayi nake tare ruwa don ƙauyuka su samu na sha da rani. Ka taɓa ganin mace ta durƙusa a busasshen rafi tana tona yashi da ƙwarya, da goyo a bayanta, tana jiran ruwan da bai cika moɗa ba ya tsattsafo? Ni na gani, kuma ba sau ɗaya ba. Wanda ya ga wannan ba ya ɗaga guduma a kan madatsa, ko ta Bature ce, ko ta aljani. Na tura ka ka koyo gini, ka ce mini aikinka na farko rushewa ne, saboda kifin da ko miya ba a yi da shi. Wai har ciyawar fadama kuke shukawa. Je ka tambayi mutanen Hadejia abin da kachalla ta yi musu, sannan ka zo ka gaya mini ana shuka ciyawa a ruwa.

Ka saurara da kyau. Na tsufa. A cikin 'ya'yana babu wanda ya bi ruwa, ɗaya magani yake sayarwa, ɗaya waya. Kujerar kamfanin nan ban taɓa nufin kowa da ita ba sai kai, tun ranar da muka dawo daga binne mahaifinka. Mataimakina Abdul-Rahaman ya iya aiki, amma ba jinina ba ne. Damina na wucewa muna da madatsa a gabanmu, kuma gwiwata ba za ta ƙara hawa tudun ƙasa ba. Dole kafin nan in san wanda zai zauna.

Ga maganata: kada ka fasa ginin mutane. Ajiye musu zanensu ka dawo. Kifin naka ma, a faɗarka, ya san hanyar gida.

Ina jiran amsa, gajera, ba tare da kirari ba.

Baffanka,
Sualihu

*

Peckham, a kan teburin yankan atamfa
Watan Mayu

Ranka ya daɗe, Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya mayar da gwiwa sabuwa. Mura ta sallame ni. Yaji ya iso, ya kuma riga ya sa maƙwabcina Bature kuka ta bango.

Ina rubuta wannan a tsaye, domin Hajiya Zarah ta riga ta yi booking ɗin mota zuwa filin jirgi, tana kallona kamar ni na ƙirƙiro cunkoson titi. Baffa ya nemi amsa gajera, ba kirari. Wannan umarni ya fi kowanne tsanani a kaina, amma zan bi.

Na karanta takardar Baffa a bakin rafin, ƙafafuna cikin ruwa. Na ɗora maganar matar nan mai ƙwarya a sikeli, na ɗora kujera, na ɗora sunan mahaifina. Ban raina ko ɗaya ba. Majalisar zuciyata ta zauna, an yi muhawara, an kaɗa ƙuri'a, ga hukunci:

Ba zan fasa ba.

Sauran bayani sai na zo gida, baki da baki, in Allah ya yarda.

Ɗanka,
Baha'uddeen

*

Kazaure
Watan Yuni

Ɗana Baha'uddeen,

Alhamdu lillahi. Muna lafiya, ruwa ya sauka, gero ya fito. Gwiwar ma tun da takardarka ta zo na manta da ita.

Na san jinin gidanmu ba ya ƙarya. Da na kai kan layin nan, ba zan fasa ba, sai da na miƙe tsaye. Na kira Innarka na karanta mata, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Allah ya yi maka albarka da ka bar wa mutane gininsu. Wanda ya iya janye hannu daga ɓarna shi ya cancanci a ba shi cebur.

Ranar Juma'a na sa an yanka rago an raba. Bayan salla na tsaya a ƙofar masallaci na gaya wa dattawa cewa ɗan marigayi yana tafe, ya ƙi rushe madatsa a London, ya zaɓi gida. Liman ya yi addu'a mai tsawo. Wani tsoho da muka yi wa ƙauyensu madatsa tun kana rarrafe ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

Na kira mai fenti ya ƙara sunanka a allon kamfani, ƙarƙashin nawa. Na kuma zaunar da Abdul-Rahaman na gaya masa daga yanzu a ƙarƙashinka zai yi aiki. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Ban ji daɗin fuskarsa ba, amma gaskiya gara a faɗe ta da wuri.

An share ɗakin mahaifinka. Ka sanar da ni ranar tahowa. Ka taho da takalman ruwan nan dogaye da kake sawa, za su yi amfani a nan.

Baffanka mai alfahari da kai,
Sualihu

*

Plumstead, London
Watan Yuli

Zuwa ga Baffana, wanda na fi tsoron farin cikinsa a yau fiye da yadda na taɓa tsoron fushinsa.

Assalamu alaikum. Ina fatan Baffa da Inna suna lafiya, damina kuma tana albarka. Ni jikina lafiya. Takardar Baffa ta yi makonni a jakar Hajiya Zarah kafin ta tuna da ita, ni kuwa duk tsawon lokacin ina fassara shirun da cewa fushi ne. Da na buɗe na ga rago, na ga Liman, na ga fenti, sai na zauna a kan matakalar flat ɗinmu har wata tsohuwa ta tambaye ni ko a kira motar asibiti.

Baffa, a harshenmu akwai tagwaye masu riga iri ɗaya. Akwai fasa ta tulu, ta ƙwai, ta madatsa, gajera ce, ana faɗinta kamar an mari tebur. Akwai kuma wadda ake ja, faasa, ta tafiya, ta ciniki, ta niyya. A baki ko yaro ba ya haɗa su. Da ajami na rubuta, da alif guda ya raba gardama. Amma boko, wannan marowacin rubutu, ya tura su Kazaure da kaya ɗaya, Baffa ya buɗe ƙofa ya rungumi Hassan alhali Hussaini na aiko.

Abin da na rubuta shi ne ba zan faasa ba. Ba zan janye ba. Madatsar nan zan fasa ta, ta gajeren wasali, da injin tona ƙasa.

Ragon ya tafi, ba ni da ikon dawo da shi. Kunyar da Baffa zai ji a ƙofar masallaci ita ce ta hana ni barci, kuma da ana aika fuska a ambulan da na aiko tawa a tsaya da ita a can. Amma ba zan sayi fitar Baffa daga kunya da ƙarya ba, kuma ba zan zauna a kujerar da kuskuren wasali ya ba ni ba.

Baffa ya tambaye ni ko na taɓa ganin mace tana tona yashi. Na gani, a ƙauyen su Inna, kuma saboda ita na karanta ruwa. Madatsar da ke shayar da ita, duk wanda ya nufe ta da guduma ni zan fara tare shi. Wannan ta London kuwa ba ta shayar da ko akuya. Ba gona a ƙarƙashinta, ba injin niƙa, ba mai ɗiba. Abin da ta tara a bayanta laka ce baƙa mai wari. Ba siffar gini Baffa ya koya mini girmamawa ba, amfaninsa ne.

Yanzu ni ma in yi tambaya. A watan Nuwamban bara na tsaya a gindin madatsar nan da safe, na ga uwar kifi, tsawonta kamar damtsena, cikinta cike da ƙwai. Ta taso daga teku, ta ratsa Thames da jiragensa da dattinsa, ta iso nan. Ta yi tsalle, ta bugi bulo, ta faɗo. Ta huta, ta sake. Na tsaya har yatsuna suka daina jin sanyi, ba ta daina ba, ba ta kuma haye ba. Tsakuwar da take nema tana can sama kaɗan, ina hango ta daga inda nake tsaye. Baffa ya ce kifina ya san hanyar gida. Ya sani sarai. Ginin wani injiniya ne ya hana shi isa.

A makon jiya council ya zauna. Masu adawa sun zo da hotunan agwagi, wani dattijo ya ce tafkin bayan madatsar nan ne ya fara riƙe hannun matarsa. Na tashi cikin kwat ɗin aro na yi bayani, Jane tana taka mini ƙafa duk lokacin da na ɗauko kalmar da ta fi ɗakin girma. An amince da zanen. Za mu yi aikin a watan Satumba, kafin kifi ya fara haurowa.

Ina roƙon alfarma ɗaya. A ɗaga kan Abdul-Rahaman. Shekarunsa a tudun ƙasa sun fi nawa a aji.

Ɗanka, mai dogon wasali,
Baha'uddeen

*

Kazaure
Ƙarshen watan Agusta

Baha'uddeen,

Muna lafiya. Innarka ta ce in gaishe ka, na gaishe ka.

Na daɗe ban amsa ba don ban so in rubuta abin da zan yi nadamarsa. Ba na bukatar darasin wasali daga yaron da na koya wa riƙe fensir.

Na koma ƙofar masallaci na warware maganata da bakina. Ba wanda ya yi dariya a gabana. Mai fenti ya dawo. Kujera na ba Abdul-Rahaman a gaban ma'aikata, ba don ka roƙa ba, don ya cancanta, kuma abin da na bayar ba na karɓewa. Ko gobe ka tuba, babu ita. Ka san wannan.

Bana kada ka zo mini gida. Ba na son mutane su ga fuskarka su tuna da rago.

Saura magana ɗaya, ba ta baffa ba, ta mai sana'a. Wannan bulo da kake cewa ba ya shayar da akuya, wani ne ya tsaya cikin ruwan sanyi ya jera shi, ya kuma jera shi da kyau, tun da ya kai yau a tsaye. A wurinmu ko katangar zaure za a rushe, sai an nemi wanda ya gina ta, ko 'ya'yansa, an yi musu sallama. Ba a shiga aikin mutum kamar ɓarawo. In ba a koya muku wannan a London ba, ni na koya maka yanzu.

Sualihu

*

Plumstead, London
Ƙarshen watan Satumba

Zuwa ga Baffana Injiniya Sualihu, wanda ya sauke ni daga kujerar da ban taɓa hawa ba.

Assalamu alaikum. Ina gaida Baffa, ina amsa gaisuwar Inna da aka isar mini a taƙaice. Lafiyata ƙalau, sai ciwon baya na masu ɗaukar tsakuwa. A isar wa Injiniya Abdul-Rahaman da murnata, Allah ya taya shi riƙo. Ba zan ɓoye ba, layin nan na babu ita ya zauna mini a ƙirji kwana da kwanaki. Na san abin da na rasa, na kuma san ba zai dawo ba.

Umarnin mai sana'a kuwa na ɗauke shi da hannu biyu. Na shiga ɗakin adana tsofaffin takardu na unguwa, na shaƙi ƙurar da ta girmi Nijeriya. Na samu sunan mai injin niƙa, da na wanda ya gaje shi, har da na lauyansa. Magini kuwa babu wanda ya ga ya cancanci tawada. Sai da muka janye ruwa gefe, bulo ya fito fili, na ga a jikin ɗaya daga cikinsu shatar yatsu uku, inda wani ya ɗauke shi tun yana ɗanye. Na sa nawa yatsun a ciki. Hannunsa ya fi nawa faɗi.

Ranar aiki da safe kowa ya hallara, Jane da hular kwano, 'yan sa-kai da shebur, har da dattijon nan mai agwagi ya zo kallon jana'iza. Mai tuƙa injin tona ƙasa wani mutumin Jos ne, Dung, wanda Hausarsa ta fi ta wasu Kanawan Camberwell. Na ɗaga masa hannu ya dakata. Na shiga ruwa har gwiwa, na tsaya gaban madatsa, na cire hula, na ɗaga murya:

"Gafara dai, mai yatsu uku! Ni ne Baha'uddeen, ɗan gidan Sualihu na Kazaure, magina ne mu ma. Aikinka ya yi kyau, ya riƙe amana har ya wuce wa'adinsa. Mun zo neman hanya ne, akwai masu ciki a ƙofa."

Turawa suka cire huluna, suna tsammanin wani rukuni ne na addini. Sai Dung ya leƙo ta tagar injin ya ce, "Injiniya, ya ce a shigo, amma a cire takalmi!"

Ba mu afka mata gaba ɗaya ba. Mun yanka ƙofa a tsakiya, muna zurfafa ta kaɗan-kaɗan cikin kwanaki, don lakar da ta taru ta tafi a hankali kada ta binne tsakuwar ƙasa. Kafaɗun biyu na bar su a tsaye, da bulon mai yatsu a inda mai shi ya ajiye shi. Yanzu ruwa yana wucewa ta tsakaninsu da wata ƙara da rafin bai yi ba tun kafin a haifi duk wanda ke raye. Agwagi sun koma sama kaɗan, ba su shigar da ƙara ba.

Kifi bai zo ba tukuna. Wataƙila bana, wataƙila sai baɗi, wataƙila sai na yi furfura. Ban yi masa alkawarin komai ba sai hanya, ita kuwa na cika.

Saura dokar hana ni zuwa gida. Na nazarce ta da idon basira, na gano cewa ikon Baffa a kan kujera cikakke ne, amma zumunci ba kamfani ba ne, ba a sallamar mutum daga cikinsa. Na riga na yi booking na watan Disamba. Zan sauka Kazaure ranar Juma'a, in tsaya a ƙofar masallacin nan a gefen Baffa, duk mai son tuna rago ya tuna shi a fuskata, ba a ta Baffa ba. In an rufe mini gida zan shimfiɗa tabarma a zaure, Inna ba za ta bar ni da yunwa ba.

Kada Baffa ya wahalar da Hajiya Zarah da amsa. Faɗan da aka tanadar mini a adana shi da zafinsa, da kunnena zan zo in karɓa.

Ɗanka, ko an so ko an ƙi,
Baha'uddeen